Mai Surutu Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da harshe mai nauyi, kafintan da ke ƙarshen layi, a madadin matarsa da 'ya'yansa biyu da tsohuwarsa, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar ɗan gidansu kuma abokin zamansu, wanda kowa ya sani da Mai Surutu. Marigayin ya cika ranar Asabar da ta wuce, da yamma, a kusurwar falo tsakanin firji da taga, inda ya yi rayuwarsa gaba ɗaya. Ya rasu bayan doguwar jinya da ya jure ba tare da ƙorafi ba, don a ƙarshe ko muryar yin ƙorafin ba ta rage masa ba.

Ga waɗanda ba su samu saninsa ba, marigayin ɗan teburin wasan yara ne, irin wanda masu kanti ke kira finbol. Gajere ne mai ƙafafu huɗu, tsayinsa bai fi gwiwar babban mutum da kaɗan ba. Fuskarsa ta gilashin roba ce mai kauri. A ƙarƙashinta akwai fili mai gangara da aka zana wa taurari da wani kifi mai dariya, da 'yan turaku masu fitila, da ƙararrawa guda a can sama. Akan ja wani gajeren sanda mai sifirin a saki, ƙwallon ƙarfe ya harba sama, ya riƙa gangarowa yana karo da turakun. A ƙasa akwai 'yan hannaye biyu, kowane da madanninsa a gefen teburin, aikin mai wasa shi ne ya yi ta mayar da ƙwallon sama kada ya faɗa rami. Iyakar sana'ar marigayin ke nan, kuma ya riƙe ta da amana shekara shida, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Sunan kuwa Kaka, tsohuwar kafinta, ita ce ta raɗa masa tun a makonsa na farko, ranar da ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Wai wannan abu ko yawu ba ya tsayawa ya haɗiya?"

Ba za a gane girman wannan rashi ba sai an koma baya kaɗan. Auta, ƙaramar 'yar kafinta, tana da shekara uku da 'yan watanni wani zazzaɓi mai zafi ya kayar da ita. Aka kwanta asibiti, aka sha fargaba, Allah ya tashi kafaɗunta. Ta dawo gida da ƙafafunta da idanunta da rigimarta duka, amma jinta bai biyo ta ba. Uban ne ya fara ganewa. Ya tafi da ita shago wata rana, tana zaune a kan tarin garin katako tana tona rami da cokali, ya kunna zarton lantarki, wanda in ya tashi har karnukan layi sukan canja wurin kwanciya. Ba ta waiga ba. Ya kashe, ya kira sunanta, ya sake kunnawa. Tana nan tana tonon raminta. Ranar bai ƙarasa ƙofar da yake yi ba.

Matarsa ba ta ɓata lokaci ba. Ta nemi wata malama ta fara koyon maganar hannu, ta dawo tana koya wa Auta da yayanta, wanda ya ɗauke ta kamar wasa. Kafinta ne ya ƙi.

"Maganar hannu ta mece ce? Yarinyar nan za ta ji."

"Baban yara, likita ya ce mu shirya."

"Ni ban ji ya ce haka ba."

Ba taurin kai ba ne kawai. A ransa, ranar da ya ɗaga hannu ya yi mata magana, ranar ce ya yarda ba za ta sake jin ya kira ta ba har abada, shi kuwa bai shirya yarda ba. Watanni suka zama shekara, ƙin ya zama kunya, kunyar ta zama sabo. Ya yi mata 'yar kujera, ya yi mata gado mai shinge, yana ɗora ta a wuya ya zagaya gida, amma in magana ce sai ya juya: "Gaya mata ta sa takalmi." "Tambaye ta me ke mata ciwo." Har Kawu, ƙanin matarsa, ya riƙa tsokanarsa da cewa bai taɓa ganin kafinta mai yawo da tafinta ba. Akan yi dariya. Shi ma yakan yi.

Wata yamma ya dawo daga aiki ya tarar da ita tsaye a bakin gida, ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu. Yaran layi suna wasan da ake kiran suna a ruga, ita kuwa ba ta san lokacin da ake kiran nata ba, har sun gaji sun daina kira. Yayanta yana cikinsu, yana gudu yana satar kallonta, fuskarsa rabi tausayi rabi haushi. Ba kuka take ba. Da kuka take da ya fi wa uban sauƙi.

Washegari ya rufe shago da wuri ya nufi kantin kayan wasa. Matarsa ta raka shi ƙofa da sharuɗɗa: "Kada ka kwaso mana abin da za ta haɗiye. Kada ka ɗauko mai kaifi. Kuma don Allah ba mai tsayi ba, ka san ta da hawa."

A can ƙuryar kantin an jera dangin marigayi, manya da ƙanana, kowa na ƙoƙarin fin ɗan'uwansa ƙara. Matar da ke tsaron wurin ta biyo shi tana yabon hajarta. "Wannan waƙoƙinsa sun fi na kowa yawa. Wancan har magana yake yi in an ci." Ya saurara da ladabi, sannan ya yi irin dubansa na kafinta. Ya shafa kusurwoyi ko akwai kaifi. Ya danna da nauyinsa ya ga ko zai kife. Ya tabbatar ƙwallon a kulle yake ƙarƙashin gilashi, murfin batir kuma da noti aka ɗaure shi. Ya gwada madannan da ƙaramin yatsansa, ya tsallake duk wanda ya yi tauri. Da ya gama, ya zaro audugar da yake toshe kunne da ita wajen yankan katako, ya cusa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana harba ƙwallo yana shimfiɗa tafin hannu a kan gilashi. Da kunne a toshe, masu waƙoƙin nan duk suka zama ba su da abin faɗa.

Ya ga bakin matar yana motsi, ya cire auduga guda.

"Malam, lafiya dai?"

"Wadda zan saya wa ba ta ji."

Ta dubi audugar da ke hannunsa. Sannan ta ce ya dakata, ta shiga ciki ta fito rungume da wani mai yagaggen kwali. "Wannan dawo da shi aka yi. Wai rawar jikinsa ta yi yawa, in ƙwallo ya daki ƙararrawa har kofin da ke kusa sai ya motsa."

Ya mayar da audugar, ya ɗora hannu, ya harba. Bugun ya taso masa har gwiwar hannu. Fitilu suka zagaya kamar an koro su. Bai ƙara duban wani ba.

Ya shigo da shi gida a kafaɗa, ya ajiye a kusurwar nan. Yaya ya yi tsalle ya kai hannu, uwar ta riƙe shi. Auta tana bayan kujera tana leƙe, don ba ta yarda da baƙo da wuri. Kafinta ya durƙusa ya harba ƙwallon shi kaɗai, bai kalle ta ba. Ta matso. Ya kama ɗan hannunta ya shimfiɗa a kan gilashin, daidai lokacin da ƙwallon ya daki ƙararrawa. Ta fizge hannun ta duba shi kamar wani abu ya cije ta. Ta mayar a hankali. Ƙwallon ya sake duka. Sai ta juyo, ba wajen uwarta ba, ba wajen yayanta ba, ta kamo hannun ubanta da hannu biyu ta danna shi a kan gilashin, tana kallon fuskarsa: kai ma ka ji?

Ya gyaɗa kai. Tun da ta tashi daga ciwo, wannan ce tambayar farko da ta yi masa ba ta bakin kowa ba, kuma ya san amsarta. Matarsa ta juya ta shige kicin, aka daɗe ba ta fito ba.

Iyalin suna shaidar marigayi da kyawawan halaye. Mai fara'a ne, ba a taɓa kunna shi ya tashi da ɓacin rai ba. Ba ya nuna bambanci: mai ji da marar ji, ƙwallo guda yake ba su da rami guda. Ba ya riƙo, duk wanda ya dake shi don haushin faɗuwa, zagaye na gaba zai tarbe shi da fitilu a kunne. Ya sha zubin shayi, ya sha hawan mage, bai taɓa kai ƙara ba. Gaskiya ta sa a faɗi aibinsa guda: ci ne da shi na batir, ba ya ƙoshi. Agogon bango da tocilan ɗin gidan sun sha sadaukar da nasu dominsa.

Maganarsa ba ta da yawan kalmomi, maimaici ne ya yi mata yawa. In ƙwallo ya taɓa turke ya ce tin! In ya bi ta tsakaninsu ya ce tin-tin-tin-tin, kamar mai ba da labari yana haki. Ƙararrawa ta ce ƙwarrr. Hannayen su ce kas, kas. In kuwa ƙwallo ya faɗa rami sai ya ja wani dogon tu-ru-ru-ruuu mai gangarowa, irin na wanda ya taya ka jimami da gaske. Auta ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma babu wanda ya san su kamarta. A tafin hannu take karanta su. Kafin ido ya ga inda ƙwallo ya nufa, hannunta ya riga ya sani, shi ya sa ba a daɗe ba ta gagari kowa a gidan, daga nan ta gagari layin.

Yaran da suka gaji da kiran sunanta su ne suka dawo suna cire takalma a ƙofar falo. Ita ke raba musu layi, wanda ya kawo rigima ta nuna masa ƙofa. Dole suka koyi yadda ake cewa jira, da saura ni, da ka faɗi, duk da hannu, don ba a sauraron ƙorafin baki a wannan kotu. Kaka ma, babbar 'yar adawar marigayi, an taɓa dawowa daga unguwa aka jiyo tin-tin tun daga waje, aka tarar da ita ita kaɗai a falo. Ta ce ƙura take goge masa.

Amma babban aikinsa a duniya shi ne na yamma. Kafinta yakan dawo da garin katako a gashin gira, ya wanke hannu, ya tarar da ita ta riga ta tsaya a gefen dama. Shi ke da madannin hagu, ita ke da na dama, ƙwallo guda. In ya yi nawa ta zungure shi da gwiwar hannu. In ya ceto ƙwallo daga bakin rami ta daki gilashi da murna. Ranar da take cikin fushi yakan gane daga yadda take danna nata kamar za ta fasa shi, sai ya yi ta turo mata ƙwallon ta yi ta duka har ta huce. Ranar da shi ne wani mai aiki ya ɓata wa rai, ita ma takan gane, ta riƙa bar masa masu sauƙi. Babu tafinta a wurin. Ya ɗauka wannan hira ce, kuma ya ɗauka ta isa.

Da ta shiga makarantar kurame, hannayenta suka buɗe. Takan dawo da labari cike da yatsu, ta zauna wajen cin abinci tana zuba wa uwarta da yayanta, su tuntsire da dariya, shi kuwa ya bi fuskokinsu da ido kamar baƙon da ba ya jin yaren masu gida. "Me ta ce?" "Wai malaminsu ne ya zame." Kafin a fassara masa, dariyar ta huce. Sai ya jira a kwashe kwanuka, ya je kusurwa ya kunna marigayi. Ita kuma ba ta taɓa ƙin zuwa ba.

Ciwon ajalin ya fara ne daga murya. Bara, ƙwarrr ɗin ƙararrawa ya dishe, ya koma kamar ƙuda a cikin kwalba. Tu-ru-ru ya riƙa yankewa a tsakiya. Wata safiya Yaya ya kunna shi ya ce, "Baba, Mai Surutu ya yi shiru." Kafinta ya ce kada a gaya wa Auta, tunda ba za ta sani ba. Da yamma ta ɗora hannu a gilashi, ta ɗaure fuska, ta kalli uwarta ta yi alamar wani abu ya ɓace. Ashe muryar ma a hannu take jin ta.

Daga nan fitilu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kifin nan ya koma dariya a duhu. Sai hannun marigayi na hagu, wanda kafinta ke danna wa madanni, ya kamu da shanyewa: a danna ya ɗaga rabi, ya yi rawa, ya koma. Mutumin da ya saba ta da kujerun da masu su suka fid da rai, ya kwantar da marigayi a kan bencin aikinsa ya buɗe cikinsa. Ya sa masa sifirin ɗin biro, ya ɗaure da zaren roba, ya goge tsatsa, ya manne abin da zai mannu da gam. Kowane magani yakan yi ɗan aiki, ciwo ya dawo. Ƙarshe ya naɗe shi a tsohon zanen gado ya kai wa mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Mutumin ya buɗe, ya sunsuna, ya taɓa nan da can da 'yan wayoyinsa, ya mayar da murfi a hankali.

"Maigida, zuciyar ce ta gaji. Irin waɗannan ba a yi su don a gyara ba. Ka kai shi gida ku lallaɓa shi."

"Babu wata dabara?"

"In da akwai, da ban bar ka ka ɗauke shi ba."

Matarsa ta ga yadda ya shigo da shi a rungume, ta ga yadda ya sauke shi kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci, ta ce, "Baban yara, abin wasa ne fa."

"Na sani."

"Anya kuwa?"

Ya durƙusa ya daidaita masa ƙafafu a kusurwarsa.

Ranar Asabar ɗin, uwar ta tafi kasuwa da Yaya, Kaka tana barci, gidan daga shi sai Auta. Ya sa sababbin batura. Suka ɗauki wurarensu. Ita ta ja sandan ta saki. Ƙwallon ya hau, ya taɓa turke ba tare da wata fitila ta amsa ba, ya juyo yana gangarowa a hankali ta tsakiya. Ya danna. Ta danna. Babu hannun da ya motsa. Suna kallo ya wuce ya shige rami, babu mai taya su jimami. Wani ɗan ƙauri ya taso daga ƙasan teburin, na waya da ta ƙone.

Auta ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan gilashin ta jira. Ta daɗe tana jira. Sannan ta ɗauke su.

Kafinta ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Ya ciro batura ya juya su ya mayar. Ya jijjiga shi, abin da ya sha hana yara. Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Ta tsaya a gabansa ta yi magana da hannu, doguwa, fuskarta a natse. Ya kalle ta. Ta sake yi a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Ya waiga hagu, ya waiga dama, don sabo. Babu kowa. 'Yar cikinsa tana tsaye a gabansa tana gaya masa wani abu a ranar da ya fi bukatar ji, bai kama ko kalma guda ba. Ta sauke hannuwanta, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Yana nan zaune a ƙasa matarsa ta dawo. Bai bari ta huta ba. Ya kwaikwayi abin da ya iya tunawa, yatsunsa masu kaushi suna karo da juna, hannu ya tafi bayan kafaɗa ya dawo ƙirji. Duk da ya dagula, ya ga a idonta ta gane.

"Me ta ce?"

Ta ɗora jaka a kan firji, ta juyo. "Shekara nawa ina faɗa maka abin da ta ce? Wannan ba ni aka gaya wa ba. Je ka tambaye ta."

"Maman yara, don Allah."

"Don Allah ɗin ne ya sa ba zan faɗa ba."

Ya ɗauki takarda da biro ya je ƙofarta. Har ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya tuna, ya tura a hankali ya kunna fitila ya kashe, yadda ya ga uwarta tana yi. Tana zaune a bakin gado. Ya miƙa mata takardar. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin matashi, ta kama hannunsa ta ja shi falo.

A gaban gawar aka yi karatun. Ta nuna ƙirjinta, wannan ya gane. Ta tsaya jikin marigayi ta nuna inda ya tsaya mata, ko cinyarta bai wuce ba. Ta nuna masa gwiwoyinta da suka yi baƙi suka yi tauri. Ta jefa hannu bayan kafaɗa, can baya, can baya. Ta danna madanni a iska. Ta ɗora yatsa a ƙirjinsa. Duk alamar da ta yi sai ta kama yatsunsa ta lanƙwasa su ya maimaita, ba ta wuce gaba sai ya yi daidai. Rana ta kusa faɗuwa kafin maganar ta haɗu a kansa:

Na girme shi tuntuni, Baba. Saboda kai nake bugawa.

Shi da kullum a durƙushe yake wasan, bai lura da ranar da ta daina tsayuwa ta durƙusa kusa da shi ba. Ya auna marigayi da yarinya 'yar shekara huɗu, ya manta ba a nan za ta tsaya ba.

Ta buɗe hannayenta ta ɗaga gira, tambayar da ba ta bukatar makaranta: yanzu fa? Ya miƙa mata hannuwansa biyu, da kaushinsu da busasshen gam da tabon zarto, ya bar su a cikin nata. Iyalin ba su ga dalilin ɓoyewa ba: ya yi kuka, kuma ita ce ta rarrashe shi.

Marigayin ya rasu ya bar Auta, wadda ta fi kowa saninsa kuma ta fi kowa dauriya. Da Yaya, wanda bai taɓa yin galaba a kan ƙanwarsa a wasan ba, yanzu kuma dama ta wuce. Da uwar yara, wadda ta yi shekaru tana zagaye shi da tsintsiya. Da Kaka, wadda tun ranar take cewa shirun gidan nan yana sa ta ciwon kai. Ya bar yaran layi masu yawa, waɗansu har muryarsu ta fara buɗewa, waɗanda har yau in sun haɗu da Auta a hanya da hannu suke gaishe ta. Ya bar ramuka huɗu a ledar falo inda ƙafafunsa suka nutse. Ya kuma bar kafinta, wanda har yanzu in ya dawo ya wanke hannu, ƙafarsa kan kai shi kusurwar kafin ya tuna.

Za a yi wa marigayi rakiya ranar Asabar mai zuwa, da yamma, daga gida zuwa shagon kafinta, inda aka tanadar masa makwanci a kan katakon ajiya na can sama, nesa da ɗigon ruwa. Akwatin, maigidan ne ya yi shi da hannunsa, da katakon da ya daɗe yana ɓoyo don aiki na musamman. Yaya da Kawu ne za su ɗauka. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya zo tambaya tun gawa ba ta huce ba, an ba shi haƙuri, kuma ana roƙonsa ya daina zagayen layin.

Iyalin suna godiya ga waɗanda suka yi tayin kawo wani a madadinsa, amma suna roƙon a bari. Ba za a sake sayen wani ba. Masu zuwa ta'aziyya su zo kowace rana ban da yammacin Talata da Alhamis, domin a lokacin maigidan yana makarantar su Auta, a ajin iyaye, a benci na baya, shi kaɗai ne mai furfura a cikinsu. Waɗanda ke da aiki a hannunsa su ƙara haƙuri.

A wajen rakiyar ba za a yi dogon jawabi ba. Kafinta ne zai yi wa marigayi ban kwana, kuma ba da baki zai yi ba. 'Yan kalmomi ne, yana ta bitarsu a shago tsakanin yanka da yanka, har masu wucewa sun fara tambayar ko sauro yake kora. Auta, wadda ke duba masa karatu a gida ba sassauci, ta ce har jiya in ya zo kan alamar na gode, a kawo abinci hannunsa yake cewa. Ana roƙon jama'a, in hakan ta faru, a daure a sunkuyar da kai. Auta kaɗai aka yarda ta yi dariya.